Ladi Kwali da Randar da Ba Ta Sanyaya Ruwa

A zangon karatu da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu zuwa makarantun firamare domin gwajin koyarwa, ni wata makarantar ƙauye aka tura ni, aka ba ni aji biyar. Ran nan muna cikin darasin lissafin kuɗi, sai na fito da takardar naira ashirin domin in nuna wa yara. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammed, wannan kuwa babu yaron da bai san shi ba. Da na juya bayanta sai ga wata mace tana aikin tukunya. Na gaya musu sunanta Ladi Kwali. Wani yaro da ke zaune can baya ya ɗaga hannu, ya ce ai uwarsa ma ginin tukwane ta ke yi, ya tambaye ni dalilin da ya sa aka sa wannan a jikin kuɗi, ko tukwanenta sun fi na uwarsa ne. Ni kuwa, da ya ke sabon malami ba ya so a ga ya rasa amsa, sai na ce masa wani Bature ne ya koya mata aikin zamani, saboda haka tukwanenta suka fi na ƙauye ƙarfi da kyau. Yaron bai ƙara cewa kome ba, ya sunkuyar da kai.

Da dare na ɗebi ruwa a randar gidan da aka sauke ni, na sha, na ji sanyinsa har cikin haƙora, sai amsar nan tawa ta komo mini. Kakata ta wajen uwa maginiya ce, da kuɗin tukwanenta aka saya mini rigar makaranta ta fari. Ga shi na tsaya gaban yara na nuna musu aikin iyayensu mata ba kome ba ne sai in Bature ya taɓa shi. Ran Asabar na komo kwaleji na shiga ɗakin littattafai, na kuma dami malaminmu na kimiyya da tambaya. Abin da na samo shi ne na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai, gama ku ma wata rana wani yaro zai yi muku irin wannan tambaya.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari. Garin yanzu yana cikin yankin babban birnin tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Sunanta irin wanda a kan ba yarinyar da aka haifa ran Lahadi ne, Kwali kuwa sunan garinsu ne ya bi ta. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, yarinya ta kan koya a gida wurin manya, ita ma wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Ba ta shiga makarantar boko ba.

Matan Gwari ba su da keken gini. Maginiya ta kan ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo yumɓun sama daga ciki, sa'an nan ta murza waɗansu curi kamar igiya tana ɗorawa tana shafewa. Tukunya tana zaune wuri ɗaya, maginiya ce ke kewaya ta, a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har randa ta tashi. Ba ma'auni sai ido da tafin hannu, amma in ta gama sai ka ga bakin ya zagaye sumul. In jikin ya ɗan sha iska sai a yi masa zane da 'yar wuƙar itace, a mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan sassaƙaƙƙen ice a kai domin ya bar sawu. A nan ne Ladi ta fi tsararrakinta. Ta kan raba jikin randa gida gida da layuka, a cikin kowane gida ta sa wata halitta, ƙadangare ko kunama ko kada, ko hawainiya, ko kifi, ko tsuntsu, ba irin yadda ido ke ganinsu sosai ba, amma kowa ya duba ya san ko mene ne. Bayan tukwane sun bushe sai a tara su a fili, a rufe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Cikin awa ɗaya ko biyu an gama. Tun suna da zafi a kan yayyafa musu ruwan makuba, watau na ɓawon ɗorawa, ya ba su duhu da ɗan sheƙi.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi abin da irin wannan wuta ta ke yi wa yumɓu, gama wanda bai gane shi ba ba zai gane sauran labarin Ladi ba. Yumɓu ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya iya rarrabewa, ruwa yana tsakaninsu. In tukunya ta bushe ruwan ya tafi ya bar gurbinsa. In ta shiga wuta, wajen digiri 500 zuwa 600 wani ruwa kuma da ke cikin jikin ƙwayoyin kansu ya kan fita, daga nan yumɓu ba ya sake komawa laka ko an jiƙa shi shekara. 'Yan saiwoyi da ciyayin da ke ciki su ƙone, su ma su bar gurbi. Amma wutar ciyawa ba ta cika wuce digiri 800 ba, wannan kuwa bai isa ya narkar da yumɓu ba. Ƙwayoyin sun kama juna ne kawai a inda suka taɓa juna, tsakaninsu duk fili. Ku cika mudu da dawa har ya yi tozo, sa'an nan ku zuba ruwa, za ku ga ya shiga ya sami wurin zama. Haka jikin tukunyar ƙauye ya ke. Waɗannan 'yan gurabu su ne kafofi, suna kuwa haɗe da juna tun daga cikin tukunya har bayanta. Tsingaron irin wannan tukunya ya kan sha ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa.

To, tun Ladi tana budurwa sunanta ya fita daga Kwali. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda shi ma ya yi karatun malanta a kwalejin Katsina kafin ya hau sarauta a 1944, ya tara waɗansu tukwanenta a gidansa domin kyaunsu. Kada mai karatu ya ruɗe, Abujar da na ke faɗi ita ce garin da yanzu a ke kira Suleja. Ta bar wa sabon babban birni sunan ne bayan 1976, ita kuwa aka sa mata suna daga na wannan sarki. A gidan sarkin nan ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya ga tukwanen Ladi a 1950. Ku lura da wannan, gama shi ne kuskurena na fari: sarki ya riga ya ajiye aikinta a fada tun Baturen bai san da ita ba.

Shi Cardew an haife shi a Ingila a 1901, ya koyi ginin tukwane wurin wani shahararren magini mai suna Bernard Leach. A 1942 ya zo ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ya yi aiki a Achimota, daga baya kuma a wani gari mai suna Vume a bakin kogin Volta. A 1950 gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi ya zama jami'in aikin tukwane. Abin da gwamnati ke so shi ne a riƙa yin tangaran a gida, faranti da kofi da butar shayi, irin waɗanda a ke kawowa daga ƙasashen waje. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu, ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itacen wuta, ga kuma sarki mai son abin. A 1952 aka buɗe makarantar koyon ginin tukwane a can. Da fari duk masu koyo maza ne. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta fari.

Ta koyi gini a kan keke, ta iya, ta yi faranta da kwanuka da kofuna, ta kan zana su da ƙayar beguwa. Amma manyan randuna ba ta bar gina su da hannu ba, tana kewaya su kamar yadda ta koya a Kwali. Abin da ya sake shi ne yumɓu da wuta. Yumɓun Abuja haɗi ne da aka shirya domin ya jure zafi mai yawa. In ta gama zane sai a cika layukan da farin yumɓu, a shafe randar da wani ruwa wanda in ya sha wuta ya kan zama kamar gilashi, sa'an nan a sa ta cikin ginannen matoyi mai bututun hayaƙi, a yi ta zuba itace awoyi masu yawa har zafi ya wuce digiri 1,200. A irin wannan zafi wani farin dutse da ke cikin haɗin, wanda Turawa ke kira felspa, ya kan narke. Narkakken ya bi cikin kafofin nan ya cika su, ya jawo ƙwayoyin su matsu da juna, har randar ta ƙanƙance ta fito ba ta kai girman da ta shiga da shi ba. In ta huce jikinta ya zama kamar dutse, ruwan da zai iya sha bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, ga kuma gilashi ya rufe bayanta.

Da na kai nan a karatuna sai na ce ashe amsata ba ta ɓaci ba, tun da randar ta zama kamar dutse. Malaminmu ya yi murmushi, ya ce in fara rarrabe abu biyu da mu kan haɗa a kalma ɗaya. Akwai ƙarfi, watau yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya karye. Akwai kuma tsauri, watau yadda abu ke ƙin tanƙwaruwa ko matsuwa in an danne shi. Igiya tana da ƙarfi amma ba ta da tsauri. Alli yana da tsauri amma ba shi da ƙarfi. Mu kan zaci tukunya ba ta tanƙwaruwa ko kaɗan. Tana yi, sai dai ƙanƙani ne ƙwarai, ido ba ya gani sai da na'ura.

Kafofi suna rage duka biyu, dalilin kuwa a fili ya ke. Rami ba ya ɗaukar kaya. In aka danna tukunya, nauyi sai ya bi ta inda akwai jiki, ya kewaye inda babu. Ku tuna da katakon rufi da gara ta ci: daga waje kaurinsa bai ragu ba, amma in an hau sai ya lotsa, gama abin da ke riƙe da nauyin a ciki ya yi kaɗan. Banda wannan kuma, nauyin da ya kewaye rami ya kan taru a gefensa, kamar yadda jama'a ke cunkushewa a bakin ƙofar kasuwa, a nan ne kuwa tsaga ta kan fara. Har siffar ramin tana da magana. Kafa mai zagaye kamar ƙwai ba ta yin ɓarna kamar siririya mai kaifin baki.

An auna abin nan, ba zato ba ne. A 1956, shekara biyu bayan shigar Ladi makarantar Abuja, waɗansu masana biyu a Amurka, Robert Coble da David Kingery na jami'ar MIT, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da wani farin gari mai suna alumina, wanda a ke toyawa ya zama tangaran mai tsananin tauri. Suka toya shi iri iri, wani da kafofi kaɗan, wani har kusan rabin jikinsa kafofi ne, suka auna kowanne. Bisa ga lissafin da ya dace da awonsu, wanda har yanzu a ke koyarwa a littattafan injiniyoyi, in kafofi sun kai kashi 10 cikin 100 na jikin abu, tsaurinsa ya kan ragu da wajen kashi 18. In sun kai kashi 20, ya rasa wajen sulusi. In rabin jiki ne, abin da ya rage na tsauri bai fi rubu'i da kaɗan ba. Ƙarfi kuwa ya fi saurin zubewa, gama kafofi kashi 10 kaɗai su kan iya raba shi biyu. Yumɓun tukunya ba alumina ba ne, lambobinsa ba za su zo daidai da waɗannan ba, amma hanyar ɗaya ce.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne iyayenmu mata suna yin wannan awo a kasuwa kullum. Mace ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne. Ƙarar da abu ke yi ta danganta ga tsaurinsa da nauyinsa. Tukunyar da ta sha wuta sosai ta kan amsa da murya sarai, wadda ba ta toyu ba ko mai ɓoyayyar tsaga sai ta yi ƙara a dushe. Injiniyoyi ma ɗaya daga hanyoyinsu na auna tsaurin tangaran ke nan, su ɗan buga shi, na'ura ta saurari ƙarar. Tangaran irin na Abuja in an ƙwanƙwasa shi sai ya yi kamar ƙararrawa.

Har nan dai randar Abuja ce ke gaba. Amma me a ke nema wurin randa? Ruwan sanyi. Sanyin nan kuwa kafofi ne ke kawo shi. Ruwa ya kan bi ta cikinsu a hankali ya fito bayan randa ya yi naso, iska ta shanye shi, shanyewar nan kuwa ba ta yiwuwa sai ta ɗebi zafi daga jikin randar, kamar yadda zufa ke sanyaya jikin mutum. In aka toshe kafofin, an toshe sanyin. Randar Ladi ta Abuja, da dukan kyaunta, in ka zuba mata ruwa da safe za ka same shi da rana kamar yadda ɗaki ya ke. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, da wannan naso ne ya yi dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Da tangaran ya yi ta, da ba ta yi aiki ba.

Sai kuma maganar murhu, wadda ita ce ta fi taɓa ni. In aka ɗora tukunya a wuta, gindinta ya yi zafi yana so ya buɗe, bakinta kuwa da sauran sanyi bai motsa ba, sai jayayya ta tashi a cikin jikinta. Girman jayayyar nan ya danganta ga tsaurin jikin. Jiki mai tsauri ƙwarai ba ya ba da kai ko kaɗan, sai ya tsage. Mai kafofi ya kan ɗan saki, in ma tsaga ta fara ta kan ci karo da wata kafa ko ƙwayar yashi ta tsaya a nan. Shi ya sa tukunyar ƙauye ke zama a kan duwatsun murhu shekara da shekaru, harshen wuta yana lasar gefe ɗaya, amma farantin tangaran in ka ɗora shi a garwashi sai ka ji ƙas. Rashin tsaurin da na ɗauka aibi ne, shi ne ke tsare ta. Ina yaro na kan ga kakata tana daka tsofaffin tsingaro a turmi tana cuɗa garin cikin sabon yumɓu. Ni a zatona rowa ce, ba ta so kome ya ɓace. Ashe jikin tukunyar ta ke buɗewa domin ta jure wuta. Ba ta taɓa jin sunan Kingery ba, amma ta san gwargwadon da za ta zuba wa tukunyar miya da wanda za ta zuba wa tulu.

Akwai kuma nauyi da kuɗi. Matan Gwari a kafaɗa su ke ɗaukar kaya, ba a ka ba, tulu mara nauyi kuwa alheri ne ga wadda za ta hau da shi daga rafi. Randar Abuja ta yi nauyi, ta kuma yi tsada, gama itacen da matoyi ke ci da ma'aikatan da ke niƙa dutse ba kyauta ba ne. Saboda haka ba matan Kwali ne suka saye ta ba, sai Turawa da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi. Siffarta ta randa ce, amma aikinta ya zama na kallo.

Dole in faɗi gaskiya a kan Cardew, gama shi ma amsata ta zalunce shi. Bai zo da niyyar kashe tukwanen gargajiya ba, bai kuwa raina su ba. A cikin littafinsa mai suna Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, ya yaba aikin maginan Afirka ta Yamma, ya nuna tukwanensu sun dace da aikin da a ke yi da su. Shi ya san abin da ni ɗan jikan maginiya ban sani ba. Waɗansu masana sun ce makarantar Abuja ta ɗauke Ladi daga mutanenta ta mai da ita mai yi wa baƙi ado. Waɗansu sun ce ba domin makarantar ba da sunanta bai wuce kasuwannin ƙasar Gwari ba. A nawa gani kowanne yana da tasa gaskiya, amma ban yarda da masu cewa wutar Abuja ce ta sa aikinta zai daɗe ba. Gumakan Nok da aka tono a ƙasar nan, da ƙaramar wuta aka toya su, cike su ke da kafofi, sun kuwa haura shekara dubu biyu. Abin da babbar wuta ta ba Ladi shi ne hanya. Ta ba ta randar da za ta shiga akwati ta haye teku, ta zauna a ɗakin da masu kuɗi da masu rubutu ke zuwa kallo. Hannun da ya gina ta da idon da ya zana ƙadangaren, daga Kwali suka zo.

Daga nan labarinta na tafiye-tafiye ne da lambobin girma, ba sai na daɗe a kai ba. An nuna tukwanen Abuja a wani ɗakin nuni mai suna Berkeley a Landan a 1958 da 1959 da 1962, nata ne kuwa suka fi jawo wa wurin suna. A 1962 ta tafi Ingila da kanta, ta riƙa gina randa a gaban ɗalibai da malaman zane, ba keke ba inji, suna kallo. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew tana yin haka nan. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Gwamnatin Nijeriya ta ba ta babbar lambar yabo ta masu ilmi da fasaha a 1980, da lambar OON a 1981.

Abin da ya fi waɗannan a wurina, mu da mu ke koyon malanta, shi ne ta buɗe ƙofa. Bayanta waɗansu mata magina suka shiga makarantar, kamar su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Cardew ya bar Abuja a 1965, ita kuwa ta zauna tana aiki tana koyarwa. A 1974 wata yarinya 'yar Kenya mai suna Magdalene Odundo ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurinta, yau tana cikin shahararrun magina na duniya, da hannu kuwa ta ke gini har yanzu. Cardew ya rasu a 1983. Ladi ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984. An sa wa makarantar sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a sabuwar Abuja. A 2007 aka fito da takardar naira ashirin mai hotonta, wadda na riƙe a gaban aji ran nan.

Ran Litinin na koma makarantar da tsingaron tsohuwar tukunya, da ɓallin farantin tangaran, da ɗan ma'aunin nauyi da na aro daga ɗakin kimiyya. Muka auna su a bushe, muka jefa su cikin kwanon ruwa. Yara suka taru suna kallon 'yan kumfa suna tasowa daga tsingaron kamar yana numfashi, ɓallin farantin kuwa shiru. Kashegari muka sake aunawa, tsingaron ya ƙara nauyi a fili, farantin bai motsa allurar ba. Na gaya musu amsar da na ba da a makon jiya ba daidai ba ce, na faɗa musu inda na yi kuskure. Ba abu mai sauƙi ba ne ga malamin gwaji, da ma shugaban makaranta yana tsaye a bakin taga.

Sa'an nan na roƙi yaron nan ya tambayi uwarsa ko za ta ba mu aron tulu ɗaya. Ran Laraba ya zo da shi, sabo, da zanen layuka uku a wuya. Muka cika shi da ruwan rijiya, muka cika bokitin roba da ruwa ɗaya, muka ajiye su a inuwar ɗorawa da ke bayan aji. Da aka tashi tara yara suka yi layi, kowa ya tsoma yatsa a bokiti sa'an nan ya sha na tulu. Da za a tashi na ba yaron kuɗin tulun ya kai gida, washegari ya komo mini da su, ya ce uwarsa ta ce a bar shi a ajin.